Tsara Kiɗa: Tsakanin Takarda da Bakin Makaɗan Fada

A Turai, mai tsara kiɗa yakan zauna da takarda mai layuka biyar-biyar, ya rubuta wa kowane makaɗi rabonsa: inda goge zai shigo, inda sarewa za ta yi shiru, inda kowa zai tashi gaba ɗaya. Makaɗa saba'in ko tamanin sai su taru su kaɗa abin da mutum ɗaya ya ƙulla, ko da kuwa ya shekara ɗari a ƙasa.

Wannan sana'a ta daɗe da shigowa Nijeriya. Fela Sowande, wanda aka haifa a Abeokuta a 1905, ya ɗauko karin waƙoƙin Afirka ta Yamma ya tsara wa tawagar masu goge, ya kira aikin African Suite. Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, ya zurfafa bincike kan gangar dundun ta Yarabawa, sannan ya riƙa rubuta wa fiyano kiɗa mai tafiya irin ta ganga. Shi kuwa Ba'amurke Steve Reich takanas ya je Ghana a 1970 ya koyi kiɗan Ewe, ya koma gida ya fitar da Drumming a 1971.

Ƙasar Hausa tana da nata gwanayen, sai dai a ka suke ajiye aikinsu. Waƙar Ibrahim Narambaɗa ko Salihu Jankiɗi ko Musa Ɗanƙwairo ba da ka ake yin ta ba, gini ce mai tsari. Da farko akan kafa gindin waƙa, wato amshin da za a riƙa komawa gare shi. Daga nan jagora ya jero ɗiyan waƙa, ya fara zance ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari. Kotso ko taushi na riƙe da awo a ƙasa, kirari da zambo da habaici kowanne da gurbinsa.

Akwai kuma ƙa'idar da harshe ya gindaya. Hausa tana da karin sauti, wata gaɓa ta hau, wata ta sauka. Shi ya sa mai kalangu yake matse igiyoyin da hammata don sauti ya tashi, ya sassauta don ya faɗo, har mai saurare ya gane taken da ake kaɗawa. Duk wanda zai rubuta wa murya kiɗa da Hausa, dole ya kula da wannan hawa da sauka, in ba haka ba ma'ana ta gurɓace.

Ƙaramar hukumar Obi a jihar Nasarawa wuri ne da ya dace da aikin naɗar irin wannan kiɗa da rubuta shi. Ga Alago da fadar sarkinsu Osuko, ga Tibi da kiɗan suwange, ga Hausawa da kalangu, duk a ƙasa ɗaya. Yawancin wannan dukiya a ƙirjin dattawa take, kuma duk makaɗin da ya kwanta dama yakan tafi da wani abu.

Ya kamata jami'o'in Lafiya da Keffi su tura ɗalibai fadoji da ƙauyuka, su naɗi sauti, su rubuta shi, su kuma ambaci sunan kowane makaɗi. Matasanmu masu haɗa kiɗa a kwamfuta kuwa, su fara zama gaban waɗannan dattawa tun suna raye.