Gargaɗi Ga Masu Motoci: Kada A Bari Kyamarar Gilashi Ta Zama Silar Asara

Kyamarar da ake liƙawa a gilashin gaban mota ta fara shiga hannun jama'armu. Direbobin dogon zango, masu ɗaukar fasinja ta manhajar waya, da magidanta masu zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna da Abuja, kowa so yake ya samu shaidar da ba ta son kai ranar da aka yi karo, mutane suka taru, kowane direba yana rantsuwa cewa shi ne a kan hannunsa. Buƙata ce ta gaskiya, kuma ina goyon bayanta. A Rasha kyamarorin sun yi yawa har su ne suka ɗauki hoton dutsen da ya faɗo daga sararin samaniya ya tarwatse a saman birnin Celyabinsk a watan Fabrairun 2013, a Jamus kuma babbar kotun tarayya ta amince a 2018 cewa ana iya karɓar irin wannan bidiyo a matsayin hujja a shari'ar haɗari. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne irin kyamarar da ake saye da kuma yadda ake ɗaura ta. Gara a yi maganar yanzu, tun kafin mummunan aiki ya zama shi ne al'ada a garejojinmu.

Mafi haɗari duka shi ne hanyar da ake bi da waya. Mai mota ba ya son ganin igiya tana reto, don haka sai ya ce wa mai wayarin, “Malam, a ɓoye ta yadda ba za a gani ba.” Shi kuwa sai ya ɗauki sukuddireba ya ɗan ɗaga robar ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba, ya cusa wayar, ya danne, aiki ya yi kyau a ido. To a motoci da yawa, har da na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, jakar iska ta kariya tana naɗe ne a bakin rufin mota, a saman ƙofofi, tana gangarowa cikin wannan ginshiƙi. Wanda ya duba da kyau sau da yawa zai ga haruffan SRS a jikin robar. Ranar da aka bugi motar ta gefe, jakar tana fashewa ta sauko kamar labule cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na sakan, domin ta tare kan mutum daga gilashi da ƙarfe. Idan waya ta gitta ta gabanta, ko dai ta riƙe jakar ta hana ta buɗewa yadda ya kamata, ko kuma ta fizgo wayar ta watso ta wajen fuskar wanda ke zaune. Ba wata alama da za ta nuna matsalar kafin ranar. Mota za ta yi shekaru tana tafiya lafiya da wannan tarko a cikinta.

Aikin ƙwarai shi ne a cire robar gaba ɗaya, a ga jakar da ido, a bi da wayar ta bayanta tare da wayoyin kamfani, a ɗaure. Duk soket ko waya mai launin rawaya a wajen, ta jakar iska ce, kada a soke ta da fitilar gwaji, kada a ja wuta daga jikinta. Mai mota ya tsaya a kan aikin ya gani, kada ya tafi shan shayi ya dawo a ce an gama.

Sai maganar wuta. Kyamara galibi da bolt 5 take aiki, batirin mota kuwa bolt 12 ne, shi ya sa ake haɗa ta da ɗan akwatin rage wuta. Hanya mafi sauƙi ita ce soket ɗin caji, kuma babu laifi a cikinta. Matsala tana farawa ne idan ana so kyamara ta ci gaba da ɗauka bayan an kashe mota. Nan ne za ka ga an feƙe wata waya a ƙarƙashin sitiyari, an murɗa sabuwa a kai, an naɗe da baƙin tef, babu fiyus. Zafi yana narkar da gam ɗin tef, gargadar hanya tana goga wayar da ƙarfe, kuma wayar da ba ta da fiyus idan ta haɗu da bodi ba abin da zai yanke wutar, sai dai ta yi ja ta kama robar dashbod. A ja wuta daga akwatin fiyus da mahaɗin da aka yi domin haka, a sa ƙaramin fiyus na amfiya 2 zuwa 5, kuma kada a taɓa layin birki, na jakar iska ko na kwamfutar inji. A tabbata kuma kayan haɗin suna da na'urar da ke kashe kyamara idan batir ya sauka zuwa wajen bolt 12. In ba haka ba za ta kwana tana zuƙar wuta, da asuba a murɗa makulli mota ta ƙi tashi, kuma batirin da ake yawan tatsewa haka ba ya daɗewa.

Wajen saye, tambaya ta farko ba ta yawan kyan hoto ba ce. A tambayi mai kaya: batir ne a cikinta ko kafasito? Masu araha galibi suna ɗauke da ƙaramin batirin litiyom irin na wayar hannu, wanda ba ya jure zafi. A Sakkwato, Maiduguri, Kano ko Damagaram, daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, motar da aka rufe a rana kuwa cikinta yana iya wuce digiri 60, kuma jikin gilashin gaba ne ya fi ko'ina ɗaukar rana. Irin wannan batir yana kumbura, ya tsaga murfin kyamara, wani lokaci ya kama da wuta. Mai kafasito ta fi tsada, amma ita aka yi domin irin yanayinmu. Araha ba ta ado. Wanda ya riga ya sayi mai batir ya riƙa cire ta idan zai ajiye mota a rana, kuma da zarar ya ga jikinta ya fara tasowa ya daina amfani da ita.

Akwai wata asarar da ba ta ƙona komai amma tana da ciwo: a yi haɗari, a ciro memori, a tarar babu komai a ciki. Kyamara tana ɗaukar bidiyo guntu-guntu na minti ɗaya ko uku, idan memori ya cika ta goge tsoho ta rubuta sabo, kullum haka. Memorin waya na yau da kullum yana saurin gajiya da wannan aiki, jabu kuwa da aka rubuta masa giga 128 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana lalata bidiyo ba tare da ya nuna ba. A nemi wanda aka ƙera musamman domin kyamarar tsaro, irin su SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance, daga dilan da aka yarda da shi. Sannan kyamara tana da na'urar jin girgiza da ke kulle bidiyo idan ta ji duka, don kada ya goge. A hanyoyinmu masu ramuka kowace faɗawa duka take ɗaukarta, sai memori ya cika da kullallun bidiyo, ɗauka ta tsaya. A rage ƙarfin jin girgizar, a riƙa share memori duk wata, a kuma kalli abin da ta ɗauka da dare. Idan ba ka iya karanta lambar motar da ke gabanka a bidiyon, rubutun 4K da ke jikin kwali bai amfane ka da komai ba.

Wurin zaman kyamara bayan madubin tsakiya ne, inda waifa ke sharewa, inda ba za ta tare wa direba hanya ba. A kashe allonta idan ana tafiya.

Bidiyon kuma amana ne. A kai shi ga 'yan sanda, jami'an hukumar kiyaye haɗurra, kamfanin inshora ko kotu. Watsa fuskokin waɗanda haɗari ya rutsa da su a Facebook da TikTok kafin iyalansu su ji labari zalunci ne, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Direban haya ya kashe ɗaukar murya, ko ya sanar da fasinja.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da manyan masu wayarin da ke da yara a ƙarƙashinsu, su yi wa mutanensu wannan bayani a tasha da gareji. Kai kuma ɗan'uwa da aka riga aka ɗaura maka kyamara, ka mayar da motar a cikin makon nan, a buɗe robar ginshiƙi da akwatin fiyus a gabanka, ka ga inda wayar ta bi kafin ka sake ɗaukar iyalinka.