Tsohon faifan garmaho: a san darajarsa kafin a sallama

Faifan garmaho, wanda kaset ta kora daga gidajenmu tun shekarun 1980, ya zama haja mai tsada a kasuwannin Turai da Amurka da Japon. Sai dai ba kowane tsohon faifai ne ke da kuɗi ba. Abu uku masu wannan ciniki suke dubawa, kuma ɗaya daga cikinsu yana hannun mai faifan.

A watan Disamba na 2015, a wani gwanjo da kamfanin Julien's ya shirya a jihar Kaliforniya ta Amurka, an sayar da kwali ɗaya mai faifai biyu a kan dalar Amurka dubu 790, wato sama da miliyan 470 na kuɗin sefa bisa canjin wancan lokaci. Faifan na ƙungiyar mawaƙan Ingila ne da ake kira Beatles, ya fito a 1968, an kuma buga wa kowane kwali lambarsa. Wanda aka sayar ɗin lambarsa 0000001, mai shi kuwa Ringo Starr ne, makaɗin gangar ƙungiyar. Waƙoƙin da ke ciki ba ɓoyayyu ba ne, duk mai so zai same su a sabon bugu da ƴan jikkuna kaɗan. To, masu karatu, me wannan mai saye ya biya wa kuɗi haka?

Kafin amsa, ya kamata a tuna da tarihin hajar a taƙaice. Kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai juyi 33 a minti a 1948, wanda tsofaffin ma'aikatanmu suka sani da suna 33 tur. A 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ƙarami, 45 tur. Kaset da faifan CD, wanda ya shiga kasuwa a 1982, suka zo suka danne su har aka ɗauka sun mutu. Amma a 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a Amurka, na CD kuwa miliyan 33, abin da ba a gani ba tun 1987. Da hankalin jama'a ya komo kan sabo, sai farashin tsoho mai kyau ya ƙara tashi.

Me ya sa bugun farko?

Dalilin yana cikin yadda ake ƙera faifan. Da fari ana ɗaukar waƙa a kan zaren rikoda. Daga wannan zare injiniya yake yanka siririyar hanyar da allura za ta bi, a kan wani faranti mai laushi. Sai a lulluɓe farantin da ƙarfe, a fitar da uwa, daga uwar kuma a fitar da hatimin ƙarfe. Hatimin ne ake ɗora wa injin matsi, ya danna narkakkiyar robar da ake kira binil, faifai ya fito. Hatimi yana cinyewa da aiki, saboda haka ake sauya shi a kai a kai. In faifai ya samu karɓuwa, bayan shekaru sai a sake yanka wani faranti, sau da yawa daga kwafin zare, a wata ƙasa, da hannun wani injiniya.

Shi kuwa bugun farko, an yi shi ne lokacin da zare yake sabo, kuma galibi shi ne wanda mawaƙin ya saurara ya yarda da shi. Zaren rikoda yana lalacewa da tsufa, wani ma ya salwanta ɗungum. Gobarar da ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Universal a Kaliforniya a watan Yuni na 2008 ta cinye ɗimbin zaren asali na manyan mawaƙan Amurka. Ga irin waɗannan waƙoƙi, tsohon faifan da aka adana da kyau yana daga cikin shaidu mafi kusa da muryar asali.

Duba gefen turmi

Ɗan kasuwar da ya daɗe yana sayar da atamfa ba ya ruɗuwa da zanen fure. Yakan juya turmi ya karanta rubutun da ke gefe, nan zai bambanta ƴar Holan da kwaikwayo. Haka ma faifai yake da nasa gefe. Tsakanin ƙarshen waƙa da takardar da aka manna a tsakiya akwai ɗan fili mai santsi. In aka karkata faifan ga haske, za a ga lambobi da haruffa da aka karta da hannu ko aka buga da inji. Su ne lambar farantin da aka yanka, kuma su ke nuna ko yankan farko ne ko na baya.

Takardar tsakiya ma tana magana. Babban faifan Beatles na farko, Please Please Me, da ya fito a 1963, bugunsa na farko yana da baƙar takarda mai rubutun ruwan zinariya. Ba da daɗewa ba kamfanin Parlophone ya sauya zuwa baƙa mai rubutun rawaya, kuma tsakanin waɗannan biyu akwai ratar kuɗi mai yawa. Masu tara faya-fayan kiɗan jaz na kamfanin Blue Note, wanda aka kafa a Niyok a 1939, sukan karanta adireshin kamfanin a kan takarda, domin ya sauya mazauni, kuma kowane adireshi da zamaninsa. Sukan nemi haruffan RVG a wancan fili mai santsi, alamar injiniya Rudy Van Gelder, da wata ƴar alama mai kama da kunne, ta masana'antar Plastylite da ta riƙa buga musu har tsakiyar shekarun 1960. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, ko da waƙar ɗaya ce kwalin kuma iri ɗaya, farashi ya faɗi. Kama da wane, in ji Hausawa, ba ta wane.

Abin da ya yi yawa ba ya tsada

Abu na biyu shi ne ƙaranci, kuma a nan ne mutane da yawa suke cin tuntuɓe. Suna ɗauka faifan mawaƙin da ya fi suna shi ne mai kuɗi. Faifan Thriller na Michael Jackson, na 1982, an buga shi miliyoyi barkatai, saboda haka ko bugun farkonsa ba wani abin kirki yake kawowa ba. Haka Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga, wadda ta fito a Nijeriya a 1976 ta cika gidajen Afirka ta Yamma. Abin da kowa yake da shi, wa zai yi gasar saye?

Mai tsada shi ne wanda aka buga kaɗan, ko aka janye shi daga kasuwa. A 1987 mawaƙin Amurka Prince ya hana fitar da faifansa The Black Album ana saura ƴan kwanaki a fara sayarwa, ya sa aka lalata abin da aka buga. Ƴan ƙalilan suka tsira. A 2018 an sayar da ɗaya daga cikinsu a kan dalar Amurka 27.500. Amma ƙaranci shi kaɗai bai isa ba, sai akwai masu nema. Faifan da ba a buga da yawa ba, kuma babu mai son abin da ke cikinsa, roba ce kawai.

Lafiyar faifai, rabin kuɗinsa

Abu na uku shi ne halin da faifan yake ciki. Masu wannan ciniki suna da ma'auni da kusan kowa ya amince da shi, wanda mujallar Goldmine ta Amurka ta yaɗa. Matakin ƙoli shi ne M, faifan da allura ba ta taɓa hawa ba, kuma dillalai masu gaskiya ba kasafai suke ba da wannan shaida ba. Sai NM, wanda ya kusa da sabo, babu karce, babu ƙara. Shi ne ake ɗora farashin littafi a kansa. Na ƙasa da shi, VG+, mai ɗan gogewa da ba ta hana jin daɗin sauraro, yakan samu kusan rabin wancan farashi. VG, wanda ake jin ƙaraf-ƙaraf tsakanin waƙoƙi, kashi ɗaya cikin huɗu. G kuwa, wanda ya sha wuya amma allura ba ta tsalle, kashi 10 zuwa 15 cikin 100.

A lissafin kasuwa, faifan da zai kai jika 100 in ya kusa da sabo, karce kaɗan zai mayar da shi jika 50, ƙara ta mayar da shi 25. Kwali kuma da nasa hukunci daban. Yagewa, tabon ruwa, cin gara, ko sunan mai shi da aka rubuta da biro don kada ya ɓace a wajen biki, duka suna rage kuɗi.

Masu farauta a maƙwabta

Wannan magana ta shafe mu, domin tun farkon shekarun 2000 ƴan Turai suke yawo a Afirka ta Yamma suna neman faya-fayan shekarun 1960 da 1970. Miles Cleret na kamfanin Soundway a Ingila ya fitar da tarin Ghana Soundz a 2002. Samy Ben Redjeb, mai kamfanin Analog Africa a Jamus, ya bi Benin da Togo, a 2008 ya sake fitar da waƙoƙin ƙungiyar Poly-Rythmo ta Kwatano, wadda kamfanin Albarika Store ya buga wa faya-fayai masu yawa. William Onyeabor na Inugu, wanda ya riƙa buga faya-fayansa da kansa tsakanin 1977 da 1985, sunansa ya zagaya duniya bayan kamfanin Luaka Bop na Amurka ya tara waƙoƙinsa a 2013. Duk lokacin da aka sake fitar da irin waɗannan, sai masu nema su ƙaru, bugun asali ya ƙara tsada. Kuma da yake zafi da ƙura da bukukuwa sun cinye mafi yawansu, samun mai lafiya abu ne mai wuya ƙwarai.

Kwatano da Lome da Ikko da Abijan, nan ne ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram suke saro kaya, ɗalibai da ma'aikata kuma sun yi karatu da kwas a Dakar da Abijan da Faransa. Da yawa sun komo gida da faya-fayai, waɗansu kuma har yau suna cikin akwatin ƙarfe a ƙuryar ɗaki.

Kiɗan ƙasarmu shi ma ya shiga faifai. A shekarun 1960 kamfanin Ocora na gidan rediyon Faransa ya fitar da La musique des griots da Nomades du Niger, waɗanda Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka a Nijar. Amma mafi yawan waƙoƙinmu a zaren gidan rediyo da kaset suka tsaya. Kiɗan molon lantarki mai madannai na Mamman Sani, wanda aka ɗauka a Yamai a 1978 aka fitar a kaset ƴan kaɗan, sai a 2013 ya hau faifan garmaho, ta hannun kamfanin Sahel Sounds na Amurka. Wannan ya nuna cewa abin da muke ganin tarkace ne, wani yana iya ƙetare teku dominsa.

Abin da ya kamata mai faifai ya yi

Bugun farko da ƙaranci, tarihi ya riga ya yanke su. Lafiyar faifai ce kaɗai ta rage a hannun mai shi, kuma yanayin ƙasarmu abokin gabarta ne. Binil yana lanƙwashewa in zafi ya kai wajen digiri 60, abin da mota rufaffiya a rana ko saman ɗakin kwano a watan Afrilu ba sa rasawa. Sai a ajiye faya-fayai a tsaye kamar littattafai, a ɗaki mafi sanyi, nesa da ƙasa saboda gara da ruwan damina. Kada a jibge su ɗaya kan ɗaya. A riƙe faifai ta gefe, kada yatsa ya taɓa hanyar allura. Ƙurar hunturu takan shiga cikin hanyar ta zama kamar yashi, saboda haka a share da tsumma mai laushi da tataccen ruwa, ana bin zagayen faifan. Kada a kusantar da shi da kananzir ko fetur. Tsofaffin faya-fayai masu nauyi na 78 tur kuwa, da wani irin ƙaro aka yi su, alkol yana narkar da su. Kada kuma a gwada faifai mai daraja da tsohuwar allura, balle a ɗora mata kwabo don ta daina tsalle, domin juyi ɗaya ya isa ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Wajen ciniki, kada a sayar a buhu. A rubuta sunan mawaƙi da na kamfani da lambar da ke kan takarda da wadda ke cikin fili mai santsi, faifai bayan faifai. Akwai rumbun bayanai a intanet mai suna Discogs, da aka kafa a 2000, inda ake jera kowane bugu da hotonsa da farashin da aka riga aka sayar da shi. A dubi abin da aka biya, kada a dubi abin da wani ya sa wa nasa yana jiran mai tayi. A tuna kuma cewa farashin Turai ya haɗa da kuɗin aikawa da ribar dillali, kuma faifan da ya yi shekara 50 a Tawa ko Damagaram da wuya ya wuce matakin VG.

Watakila cikin faya-fayai ɗari, biyu ko uku ne kawai za su yi kuɗi. Amma wanda bai san waɗanne ne ba, shi ne zai ba da su gyara a kan sauran. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Wanda kuwa ya duba gefen turminsa, ya san lokacin da zai sallama da lokacin da zai ce albarka. In ma ya ga faifan na makaɗan ƙasarmu ne, yana da kyau ya fara tunanin gidan rediyo da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai, a ɗauki kwafin muryar kafin faifan ya bar ƙasa.