Haɗa Manhajar Karanta Labarai da ta Jerin Ayyuka: A Ina Ya Kamata a Ƙulla Su?

Gabatarwa

Abin da ya jawo hankalinmu ga rubuta wannan takarda shi ne wani hali wanda kusan duk malamin da ke bin mujallun ilmi ta intanet ya san shi. Mutum ya ci karo da wata maƙala da safe, ya ce a ransa lalle wannan za ta yi amfani a darasin mako mai zuwa, sa'an nan ya wuce. Kafin ranar darasi ta zo, maƙalar ta nutse ƙarƙashin waɗanda suka biyo bayanta. Haka nan sanarwar taro irin wannan da muke ciki, sau da yawa sai wa'adin aika takarda ya wuce ake tunawa da ita. Dalili kuwa shi ne wurin karatu daban, wurin rubuta abin da za a yi kuma daban. Za mu yi ƙoƙari mu bayyana yadda ake sa na'ura ta riƙa ɗaukar saƙo daga wancan wuri zuwa wannan da kanta, mu kuma nuna inda muke ganin ya kamata a ƙulla su.

Yadda abin yake aiki

Manhajar karanta labarai, irin su Feedly da Inoreader, ta dogara ne a kan wani tsari da ake kira RSS, wanda kamfanin Netscape ya fara fito da shi a 1999. Daga baya, a 2005, aka sami ɗan'uwansa mai suna Atom. Jarida ko mujalla takan ajiye wani ɗan fayil a shafinta, wanda za mu kira magudana, inda take jera sababbin abubuwan da ta buga. Kowane abu yana zuwa da takensa, da adireshinsa, da ranar bugawa, da kuma wata lamba da ta bambanta shi da saura. Manhajar takan leƙa wannan magudana lokaci lokaci ta kwaso abin da ba ta taɓa gani ba. Ita kuwa manhajar jerin ayyuka, kamar Todoist wadda ta fito a 2007, ko Microsoft To Do, ba ta san komai game da labarai ba. Abin da ta sani kawai shi ne sunan aiki da ranar da za a yi shi.

To, tsakaninsu sai an sami ɗan aike. Waɗanda suka fi shahara su ne IFTTT da Zapier, duka biyu na Amurka, kuma duk sun bayyana ne a farkon shekarun 2010. Sunan na farkon ma taƙaitawa ce ta jimlar da ke nufin idan kaza ya faru, to a yi kaza. Watau kowace ƙa'ida tana da rabi biyu: abin da ke tayar da ita, wanda za mu kira kunama kamar ta bindiga, da kuma aikin da zai biyo baya. Ɗan aiken yana zaune ne a kwamfutocin kamfaninsa, saboda haka ko wayar mutum ta mutu don rashin wuta, ko data ta ƙare, yana nan yana aikinsa. Sai dai ba nan take yake gani ba. Galibi zagayowa yake yi yana tambaya ko akwai sabon abu, a tsarin Zapier na kyauta kuwa tazarar takan kai minti 15.

Inda ya kamata a ɗora kunama

Nan ne gizo ke saƙa. Hanya mafi sauƙi, wadda kuma mafi yawan masu farawa ke bi, ita ce a ɗora kunama a kan magudana kanta: duk sabon abin da mujalla kaza ta buga, a mayar da shi aiki. Mu ma da ita muka fara, muka kuwa ji jiki. A ƙaddara mutum yana bin magudana 10, kowace tana fitar da abu 5 a mako. Ayyuka 50 ke nan a mako, 200 a wata, ba ko ɗaya da shi ya zaɓa. Ba a jima ba sai muka ga gyaran takardun jarrabawa da duba ɗalibai masu gwajin koyarwa sun ɓace a tsakiyar kanun labarai, har muka fara ƙyamar buɗe jerin. Jerin ayyukan da mai shi ke tsoron dubawa kuwa ya tashi daga aiki, gara takardar da aka cusa a aljihu.

A ganinmu kuskuren shi ne an ba na'ura aikin yanke shawara, alhali abin da ta iya shi ne dako. Ya kamata kunama ta zauna a kan wani motsi da mai karatu ya yi da hannunsa bayan ya duba abu: ko ya sa masa tauraro, ko ya liƙa masa wata alama. Da haka mutum ne ya ce wannan yana bukatar aiki, ɗan aike kuwa ya ɗauka ya kai. Abin da aka rage wa mutum shi ne wahalar kwafe take da adireshi da sauya manhaja, wanda ko da yake ƙanƙani ne, shi ne daidai wurin da niyya take mutuwa.

Ko a nan ma da sauran gyara. Kanun labari ba aiki ba ne. David Allen, a littafinsa Getting Things Done na 2001, ya nace a kan cewa abin da ake rubutawa a jeri shi ne mataki na gaba wanda za a iya tashi a yi. Idan mutum ya buɗe jerinsa ya ga taken wata maƙala a kan koyar da karatu a firamare, sai ya sake tambayar kansa me ma ya yi nufin yi da ita. Saboda haka muka raba alamominmu bisa ga abin da za a yi. Abin da muka liƙa wa "darasi" yakan iso da kalmomin "ciro misalai daga" a gaban takensa, wanda muka liƙa wa "taro" kuma ya iso da "duba wa'adin". Abin da kawai muke sha'awar karantawa wata rana ba ya shiga jeri sam, yana zama can a ma'ajin manhajar karatu. Allen ya kuma ba da shawarar cewa abin da bai wuce minti 2 ba a yi shi nan take, wannan ma ya rage mana kaya ƙwarai.

Maganar rana tana da tarko. Ranar da ke cikin magudana ita ce ta bugawa, ba ta wa'adi ba. Wa'adin taro yana can cikin jikin sanarwa, inda ɗan aike ba ya karantawa. Yanzu wasu sukan saka manhajar ƙirƙirarriyar basira a tsakani ta tsamo ranar, amma takan iya ɗauko ranar buɗe taro a maimakon ta rufe karɓar takardu. Mu dai mun zaɓi a sa wa aikin ranar gobe, mu buɗe da kanmu mu rubuta wa'adi na gaskiya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai farawa ba, watau duk wannan gini a kan filin aro yake. Google ya rufe Google Reader a 2013 bayan mutane da yawa sun jingina da shi. Yahoo Pipes ya bi shi a 2015. Microsoft ya sayi Wunderlist a 2015 ya kuma rufe shi a 2020, a shekarar da IFTTT ya taƙaita masu amfani da shi kyauta ga ƙa'ida 3 da za su ƙirƙira. Pocket, inda jama'a ke ajiye abin karantawa, Mozilla ya rufe shi a 2025. Daɗin daɗawa, haɗa wasu manhajojin da ɗan aike sai an biya kuɗi da dala, abin da ba kowane albashin malami ke ɗauka ba. Don haka yana da kyau mutum ya riƙa fitar da jerin magudanansa a fayil ɗin OPML ya adana, domin kusan duk manhajojin karatu suna karɓarsa, ya kuma tsaya ga ƙa'ida ɗaya ko biyu waɗanda zai iya sake ginawa cikin awa guda.

Mafi muni shi ne lalacewar da ba ta da ƙara. Izinin da aka ba ɗan aike na shiga manhaja yakan ƙare, ko ya warware idan an sauya kalmar sirri, sai saƙo ya daina zuwa, mai shi kuwa yana ta liƙa alama yana zaton an kai. Wani lokaci kuma mujalla ta sabunta shafinta, lambobin abubuwanta su canza, sai tsofaffin maƙalu su dawo kamar sababbi. Wannan na biyun bai cika damun wanda ya ɗora kunamarsa a kan alama ba. Na farkon kuwa maganin da muka samo masa shi ne wani aiki mai maimaita kansa kowace Juma'a, wanda muka rubuta da hannu a cikin jerin: a liƙa wa labari ɗaya alama, a jira rabin awa, a duba ko ya iso.