Samar wa Ƙaramar Kwamfuta Murya Domin Nazarin Furuci a Kudancin Kano

Daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya ne, haka ma gari na zama da gari na tuwo. Saboda haka manazarcin da ke son gwada yadda mutanen Bebeji ko Kiru ke rarrabe irin waɗannan kalmomi dole ya kunna musu murya su saurara, takarda ba za ta wadatar ba. Buƙatar ta fi ƙarfi a Tudun Wada da Doguwa, inda Hausa ke cuɗanya da Fulatanci da Kuramanci.

Raspberry Pi Zero, wadda aka fitar a Ingila a 2015 a kan dala 5, ta dace da wannan aiki. Tsawonta milimita 65 ne, faɗinta 30, kuma batirin cajin waya yana iya riƙe ta a ƙauyen da babu lantarki. Sai dai ba ta da kafar da ake soka abin sauraro na kunne. Sautinta ta HDMI yake fita, wato sai da talabijin, abin da ba a yawo da shi a kan babur.

Mafi arhar mafita ita ce a fitar da sautin ta fil na 13 da na 18, a tace shi da rizisto da kafasita. Murya takan fita, amma tare da wani shuu da ba ya yankewa. Karin sauti yakan tsira daga wannan shuu, domin kunne yana gane hawa da saukar murya ko da cikin hayaniya. Baƙaƙe ne ke shan wahala. Abin da ya raba kafa da ƙafa, ko sara da tsara, ɗan gajeren motsi ne na maƙwallato, kuma shi ne farkon abin da shuu ke binnewa. Idan mai sauraro a Riruwai ya kasa rarrabe su, manazarci zai iya rubuta cewa karin harshen yankin ne ya haɗe su, alhali laifin na'ura ne. Irin wannan kuskure, da zarar ya shiga kundin digiri, yana da wuyar fita.

Katin sauti na USB ya fi tsabta, amma yana cinye kafa ɗaya tilo da allon yake da ita ta haɗa kaya.

Abin da ya fi dacewa shi ne ɗan allon MAX98357A, wanda ke karɓar sautin yana lambobi ta fil na 18 da 19 da 21, ya mayar da shi murya, ya tura wa lasifika ƙarfin kusan wat 3. Wayoyi biyar ake liƙawa da dalma, har da na wuta biyu, aikin da masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre a Kano suka saba da irinsa. Kafin a tafi fili, ya kamata a fara gwada kalmomin a kunnen Bakanon da furucinsa ba ya da shakka.