Yadda Ɗan Kasuwa Zai Zaɓi Shirin Fodkas Da Ya Cancanci Lokacinsa

IKKO: Shekara da shekaru ke nan akwatin rediyo yana cikin kayan aikin ɗan kasuwa Bahaushe, ko yana zaune a kasuwar Mile 12 da ke nan Ikko, ko a unguwar Sabo ta Badun, ko kuwa yana bisa hanya cikin motar kaya tsakanin Arewa da Kudu. Tun daga shekarar 1957 da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shiryensa, sa'an nan Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa kuma a 2007, mai sauraro ya saba da cewa akwai editocin da ke tace labari kafin ya iso kunnensa. Nasa aikin bai wuce ya murɗa akwatin a kan lokaci ba.

A yau al'amarin ya canza. Wayar hannu ta zo da wani irin shiri da ake kira fodkas, watau shirin magana da ake ɗauka a ajiye a intanet, mutum ya sauko da shi cikin wayarsa ya saurara a duk lokacin da ya ga dama. Wani ɗan jarida mai suna Ben Hammersley ne ya fara amfani da kalmar a jaridar Guardian ta Ingila a 2004, kuma a 2005 kamfanin Apple ya buɗe wa irin waɗannan shirye-shirye sashe a manhajarsa ta iTunes. Yanzu adadinsu ya kai miliyoyi, domin duk mai waya zai iya buɗe nasa ba tare da wani edita a kansa ba. Saboda haka aikin tace labari, wanda a da yake hannun gidan rediyo, ya dawo kan wuyan mai sauraro.

Ga ɗan kasuwa wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu, 2023, kuma Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta yanke wa Naira daraja a watan Yuni na wannan shekara, farashin kayan da ke rumfar mutum ya ƙara dogara ga shawarwarin da ake yankewa nesa da shi. Ko ya tara kaya ko ya sayar, ko ya ci bashi ko ya dakata, duk yana yi ne bisa abin da ya ji ya gaskata.

LISSAFIN LOKACI DA KUƊI

Akan ce waɗannan shirye-shirye kyauta ne, amma a ilimin tattalin arziki farashin abu ya haɗa da abin da mutum ya bari domin ya same shi. Wanda ya ba sauraro sa'a guda a kullum, ya ba shi sa'a 365 a shekara, watau fiye da kwana 45 na aikin sa'a takwas-takwas. Ba ɗan kasuwar da zai ba yaron shago albashin kwana 45 ba tare da ya tambayi abin da ya yi masa ba, kuma haka ya kamata ya tambayi shirin da yake saurara.

Akwai kuma kuɗin data, wanda ya ƙaru bayan da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Shirin murya zalla na sa'a guda yakan ci megabait 30 zuwa 60, alhali na bidiyo yakan ci ninkin wannan sau da yawa. Wanda bai bukaci ganin fuskar mai magana ba, gara ya sauko da muryar kaɗai, ya ajiye ta don hanya.

WA KE BIYAN KUƊIN SHIRIN?

Tambayar farko da ya kamata a yi wa kowane shiri ita ce wa ke ɗaukar nauyinsa. Akwai shirye-shiryen gidajen rediyon jama'a, kamar BBC da Rediyon Faransa da NPR ta Amurka. Akwai na kamfanonin jaridu da labaran kuɗi, kamar Financial Times da Bloomberg da Media Trust mai buga Daily Trust da Aminiya. Sa'an nan akwai na ɗaiɗaikun mutane, waɗanda galibi da talla suke rayuwa, ko kuma da sayar da hajar mai shirin kansa. A cikin wannan kaso na uku akwai masana na gaske, amma a nan ne kuma aka fi bukatar lura, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shiri nagari yakan faɗa a fili inda talla ta fara da inda ta ƙare. Wanda ke cuɗa nasiha da talla, har mai sauraro ya kasa rabe su, ya riga ya nuna inda ya dosa.

'Yan Nijeriya sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun masu daɗin baki. Tsarin MMM ya rufe asusun jama'a a watan Disamba na 2016, CBEX kuma ya ruguje a watan Afrilu na 2025, duka biyun bayan an cika kafofin sada zumunta da alƙawarin riba mai yawa cikin 'yan makonni. Duk shirin da ya ambaci tabbataccen riba a kan zuba jari, ya kamata a nemi sunan kamfanin a rajistar Hukumar Kula da Hannayen Jari ta ƙasa kafin a saki ko sisin kwabo.

ALAMOMIN SHIRI MAI GASKIYA

Alama ta farko ita ce mai shirin ya faɗi inda ya samo alƙalumansa da kuma shekarar da aka tattara su. Misali na kusa shi ne abin da ya faru a farkon 2025. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da hauhawar farashi a matsayin kashi 34.80 cikin 100 a watan Disamba na 2024, sa'an nan kashi 24.48 a watan Janairu na 2025. Wanda ya ji alƙaluman biyu kawai zai zaci kaya sun yi sauƙi cikin wata guda. Abin da ya faru kuwa shi ne hukumar ta sabunta ma'auninta, ta mai da shekarar kwatanci daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sake jerin kayan da take bin farashinsu. Shirin da ya yi wannan bayani ya yi wa mai sauraro aiki. Wanda ya karanta alƙaluman ya wuce, ya bar shi cikin ruɗu.

Alama ta biyu ita ce a ba mai saɓanin ra'ayi damar magana, musamman a kan batutuwan da masana kansu suka rabu, kamar rufe iyakoki ko hana shigo da shinkafa. Ta uku kuma, wadda ta fi wuyar samu, ita ce amsa kuskure. Ko manyan gidaje ba su tsira daga kuskure ba. A 2018 jaridar New York Times ta fitar da wani shiri mai suna Caliphate, wanda ya dogara ƙwarai ga labarin wani matashi ɗan Kanada da ya ce ya yi yaƙi tare da ƙungiyar IS a Siriya. A watan Satumba na 2020 'yan sandan Kanada suka kama shi bisa zargin ƙirƙirar labarin, kuma a watan Disamba jaridar ta fito ta amsa cewa ta gaza wajen bincike, ta mai da lambar yabon Peabody da shirin ya ci. Darasin da ke nan shi ne babban suna ba ya hana kuskure, sai dai gidan da ke da mutuncin da zai kare yakan fito ya gyara.

Hanya mafi sauƙi ta gwada shiri ita ce mutum ya fara da batun da ya sani ciki da bai. Mai sayar da hatsi ya nemi inda aka yi magana a kan masara ko taki, mai canji ya nemi inda aka yi a kan Dala. Idan shirin ya yi tuntuɓe a fagen da mai sauraro ya ƙware, ba dalilin da zai sa a gaskata shi a fagen da ba a sani ba.

INDA ZA A FARA

Da harshen Hausa, Rediyon Faransa yana da shirin kasuwanci na mako-mako mai suna Kasuwa A Kai Miki Dole, wanda ake iya sauko da shi bayan an watsa. Aminiya tana da Najeriya A Yau da kuma Daga Laraba, inda sau da yawa akan taɓo tsadar rayuwa da halin da kasuwanni ke ciki. Sashen Hausa na BBC da na Muryar Jamus su ma suna ajiye shirye-shiryensu don wanda lokaci ya wuce shi. Tsayawar da shirye-shiryen Muryar Amurka suka yi a watan Maris na 2025, bayan wani umarnin Shugaba Donald Trump, ta nuna hatsarin dogara ga kafa ɗaya tilo.

Ga mai jin Turanci, fagen ya fi faɗi. Shirin More or Less na BBC, wanda aka fara a 2001 kuma Tim Harford ya karɓi gabatar da shi a 2007, aikinsa shi ne bin diddigin alƙaluman da 'yan siyasa da jaridu ke ambata, don a ga ko sun tsaya da ƙafarsu. Shi wannan Harford ya gabatar da 50 Things That Made the Modern Economy daga 2016, inda cikin minti tara yakan ba da tarihin abu guda, kamar kwantenar jirgin ruwa, ko takardar kuɗi, ko tsarin aika kuɗi ta waya na M-Pesa da aka fara a Kenya a 2007.

Planet Money na NPR ya samo asali ne a 2008, lokacin da bankunan Amurka ke durƙushewa, kuma an san shi da shiga kasuwa da kansa. A 2013 ma'aikatan shirin suka ba da odar ɗinka riga, suka bi ta tun daga gonar auduga a jihar Misisifi, zuwa masaƙar zare a Indunisiya, har masana'antun ɗinki a Bangaladash da Kolombiya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa masaƙun Kaduna da Kano suka rufe, zai sami abin tunani a wannan labari. Ga mai ƙarancin lokaci akwai The Indicator da FT News Briefing, waɗanda kowannensu bai cika wuce minti goma ba sosai. Mai son zurfafawa kuma yana da Odd Lots na Bloomberg, inda Joe Weisenthal da Tracy Alloway ke tattaunawa da masu ruwa da tsaki a harkokin kuɗi da sufuri da kayan masarufi tun 2015.

Sai dai a lura da abubuwa biyu. Yawancin waɗannan shirye-shirye don Amurkawa da Turawa aka yi su, saboda haka abin ɗauka a cikinsu shi ne yadda ake auna hujja, domin dokokin haraji da na banki da suke ambata ba namu ba ne. Haka nan kuma shirye-shiryen hira da waɗanda suka yi arziki, irin su How I Built This da Guy Raz ya fara a 2016, suna da daɗin ji, amma waɗanda suka tsira kaɗai ake gayyata. Dubban da suka bi hanya ɗaya suka karye ba wanda ke kiran su hira.

DABARUN NEMA

Ana samun shirye-shiryen a manhajojin Spotify, wadda ta shigo Nijeriya a watan Fabrairu na 2021, da Apple Podcasts da YouTube. Manhajar Google Podcasts kuwa an rufe ta a 2024. Jerin da waɗannan manhajoji ke nunawa a sama yana auna yawan masu sauraro ne, ba ya auna inganci. Ya fi amfani mutum ya rubuta sunan hajarsa a gurbin nema, kamar riɗi ko citta ko koko ko siminti, ya ga wa ya yi magana a kai. Idan wani baƙo ya burge shi a wani shiri, ya nemi sunansa, domin sau da yawa masani guda yakan kai mutum ga shirye-shirye uku ko huɗu masu kyau. Ya ba kowane sabon shiri kashi uku na gwaji. In bayan haka bai koyi abin da zai iya maimaita wa abokin ciniki da hujjarsa ba, ya sauke shi.

Game da guntayen murya da ake turawa a WhatsApp ba suna ba rana, ya kamata a nemi asalin shirin da aka yanko su kafin a yi aiki da su, balle yanzu da na'ura ke iya kwaikwayon muryar kowa.

Babban giɓin da ya rage shi ne ƙarancin shirye-shiryen tattalin arziki da aka yi da Hausa tun asali, alhali kuwa masu harkar Dawanau da Kantin Kwari da Mile 12 suna juya dukiya mai ɗimbin yawa da wannan harshe a kullum. Cibiyoyin ciniki da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sassan tattalin arziki na jami'o'inmu suna da masanan da za su iya cike giɓin da kuɗi kaɗan. Kafin a kai ga haka, shiri biyu ko uku da mutum ya gwada ya amince da su, ɗaya na labarin yau da kullum, ɗaya na bayani mai zurfi, sun ishi ɗan kasuwa a mako.