Astoria: Garin da cinikin fatu ya kafa, yanzu tarihi ke ciyar da shi

Attajirin da aka sa wa garin Astoria sunansa bai taɓa taka ƙasar garin ba. John Jacob Astor, haifaffen Jamus da ya yi arziki a birnin New York, daga nesa ya turo jirgi da ma'aikata, waɗanda suka iso a shekarar 1811. Suka kafa sansanin kasuwanci a inda Kogin Columbia ke shiga Tekun Fasifik, a jihar Oregon ta yanzu da ke arewa maso yammacin Amurka.

Fatu ne suka kawo su. A lokacin, Turawa na yin huluna masu tsada da gashin wata dabbar kogi da ake kira biba, yayin da attajiran China ke rububin fatar karen ruwa na teku saboda laushinta. Shirin Astor shi ne a sayi fatun daga ƙabilun yankin, irin su Chinook da Clatsop, a kai su birnin Canton, a dawo da ganyen shayi da siliki da tangaran.

Ciniki mai cin rai

Tun ranar farko harkar ta fara cin rayuka. Mutum takwas na jirgin Tonquin suka halaka wajen neman hanyar shiga bakin kogin, inda igiyar teku ke karo da ruwan kogi a kan tudun yashi. Bayan 'yan watanni, jirgin kansa ya tarwatse a kusa da tsibirin Vancouver sakamakon rikicin ciniki da mutanen wurin.

Sai kuma yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Birtaniya a 1812. Ganin ba su da ƙarfin kare sansanin, abokan kasuwancin Astor suka sayar da shi a 1813 ga kamfanin North West na Montreal, aka sauya masa suna zuwa Fort George.

Daga baya sunan Astoria ya dawo, amma zamanin fatu ya wuce. Kifi da katako suka maye gurbinsu, masana'antun kifin gwangwani suka jeru a gaɓar kogin, baƙi daga Finland da China suka zo neman aiki. A 1922 gobara ta lashe tsakiyar garin, wanda aka gina da katako. A 1980 kamfanin Bumble Bee ya rufe masana'antarsa ta kifi a garin.

Abin da baƙo zai gani

A yau mazauna Astoria sun kai kimanin 10,000, kuma yawon buɗe ido na cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsu.

A kan tudun Coxcomb akwai hasumiyar da aka gina a 1926, mai tsawon mita 38, an zane jikinta da tarihin yankin. Duk wanda ya daure ya hau matakala 164 zai hangi kogin da teku da gadar Astoria-Megler, wadda aka buɗe a 1966. Tsawonta ya haura kilomita 6, kuma ita ce ta haɗa Oregon da jihar Washington.

Gidan tarihin jiragen ruwa da ke bakin kogin yana bayyana dalilin da ya sa ake kiran mashigar "maƙabartar Fasifik": jirage kusan 2,000 ne suka nutse a yankin tun daga 1792. Har gobe manyan jirage ba sa shiga sai matuƙi na musamman ya hau ya jagorance su.

Kusa da garin an sake gina sansanin Fort Clatsop, inda tawagar Lewis da Clark ta yi hunturun 1805 zuwa 1806. Masoya fina-finai kuwa suna zuwa ganin wuraren da aka ɗauki fim ɗin The Goonies na 1985.

Sai dai akwai abin da baƙo ba zai tarar ba. Farauta ta ƙarar da karen ruwan teku a gaɓar Oregon tun farkon ƙarni na 20. Su kuma 'yan ƙabilar Chinook, waɗanda kakanninsu suka sayar wa mutanen Astor fatu da abinci, gwamnatin tarayya ta amince da su a hukumance a 2001, ta janye a 2002. Har yanzu suna fafutukar a maido musu da wannan matsayi.