Jirgi mai inji ko jirgin gora: wanne ɗan kasuwa zai saya?

A ƙasashen Turai, masu hannu da shuni da ke neman jirgin shaƙatawa a teku sukan yi gardama a kan abu biyu: ko su sayi mai inji wanda ke da gudu amma yana shan mai, ko katamaran mai gangar jiki biyu wanda iska ke turawa sannu a hankali. Su don hutawa suke wannan zaɓi. Mu da ke bakin kogin Kwara, daga Gaya da Malanbil har zuwa Yawuri, irin wannan zaɓi yana gabanmu, amma namu na neman abinci ne.

Maganar ta ƙara tasowa tun watan Yulin 2023, lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Nijar. Mutane da kaya suka koma fito ta ruwa, 'yan kasuwa da dama suka fara tunanin mallakar jirgin kansu. To, 'yan'uwa, kafin a kwance bakin jaka, ya kamata mu zauna mu yi lissafi.

Abin da inji ke sayar mana shi ne lokaci. Mai ɗanyen kifi ko tumatir, da wanda ke son ya riski kasuwa tun ba ta watse ba, ba shi da abin da ya fi inji, musamman idan zai hau ruwa ne, wato ya fuskanci inda kogin ke gangarowa. Sai dai injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda aka saba gani a bakin ruwa, yana iya shan kusan lita 20 a awa guda idan an sake masa wuta duka. Tafiyar awa 3 zuwa, awa 3 dawowa, ta kai lita 120 ke nan, ban da baƙin man da ake gaurayawa da kuɗin makaniki. A da, man Nijeriya mai araha ne ke rufa mana asiri. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin mai a can, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, 'yan ruwa-ruwa na bakin iyaka su ma suka ɗaga nasu.

Shi kuwa jirgin gora da filafili ba ya cin komai sai ƙarfin matuƙa. A ƙasar Mali, wajen Mopti, masu jirage sukan ɗinka buhunan hatsi su yi ƙyallen kama iska, iskar Allah ta kai su kyauta. A yankinmu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina kuma daga kudu maso yamma, saboda haka wanda ya san lokaci zai ci moriyarta. Hatsi, gishiri, kanwa, itace da busasshen kifi ba sa lalacewa don sun kwana biyu a hanya. Haka kuma a watannin Mayu da Yuni, lokacin da ruwa ke janyewa, jirgin gora yana ratsa wuraren da farfelar inji za ta kafe a rairayi ko kainuwa ta naɗe ta. Aibinsa dai jinkiri, da kuɗin ma'aikata, da ranar da iska ta ƙi.

Akwai wani abu da ya fi riba nauyi. Wanda ya ci bashi ya sayi inji, ga mai ya yi tsada, zuciya takan raya masa ya ƙara lodi ko ya yi tafiyar dare don ya fid da kuɗinsa. A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Wara ta jihar Kebbi, waɗanda suka tsira kaɗan ne. A Yunin 2023 ma fiye da mutum 100 sun rasu a yankin Patigi ta jihar Kwara, suna dawowa daga biki da dare. A duka biyun, hukumomi sun ambaci yawan lodi.

Shawararmu ita ce, kowa ya dubi kayansa kafin ya dubi jirgi. Idan kayan masu saurin lalacewa ne kuma akwai lodi zuwa da dawowa, inji zai biya kansa. Idan busassun kaya ne kuma hanyar gajera ce, gora ta wadatar, ko a sa ƙaramin inji mai doki 15 don ranar buƙata. Duk wanda lissafinsa ba ya fita sai ya wuce ƙa'idar lodi, to jirgin nan ba nasa ba ne, gara ya ci gaba da biyan kuɗin fito. Kuma a tanadi rigar ruwa ga kowane fasinja. Allah Ya tsare mu, Ya ba da kasuwa mai albarka.